Dodanni a Cikin Kwali: Abin da Ya Haddasa Rikicin Kayan Wasan Ban Tsoro a Amurka

A shekarar 1971 wani kamfanin kayan wasa a Amurka mai suna Aurora ya fitar da wasu 'yan mutum-mutumin roba na dodanni da kayan azaba, masu suna Monster Scenes, waɗanda yaro zai harhaɗa da hannunsa. Shekarar ba ta ƙare ba sai da ƙungiyoyin mata da na iyaye suka yi wa ofishin masu kamfanin tsinke a birnin New York ɗauke da kwalayen zanga-zanga. Aka dakatar da ƙera kayan, jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a kan ire-irensu. Bayan shekara 37, a 2008, wani kamfanin daban ya sake fitar da kayan nan da siffarsu ta asali, aka jera su a kantuna, kuma ba a sake ganin irin waccan ƙura ba. A yau tsofaffin kwalayen na 1971 sun zama abin nema a wurin masu tara kayan da, ana cinikinsu a intanet da tsada.

Wanda ya ci karo da wannan labari dole ya rikice. In kayan na da illa, me ya sa aka bari suka dawo? In ba su da ita, me ya kawo hayaniyar farko? Amsar tana cikin abubuwa uku: abin da aka sa yaro ya yi da kayan, wanda ya mallaki kamfanin a lokacin, da kuma wanda aka ce an yi kayan dominsa.

Wane irin kayan wasa ake magana a kai?

Ba irin 'yartsana ko motar roba ba ce da ake saya a miƙa wa yaro ya shiga wasa nan take. Abin da ke cikin kwalin gunduwa-gunduwar roba ce, manne a jikin wani firam: rabin kai na gaba da na baya, hannuwa, ƙafafu, da dandamalin da za a tsayar da mutum-mutumin a kai. Yaro zai ɓalle kowace gunduwa, ya kankare bakinta, ya shafa gam ya haɗa, ya jira ta bushe, sannan ya ɗauki siririn buroshi ya yi fenti. Aiki ne na awanni, wani sa'in kwanaki. In ya gama sai ya ɗora shi a kan kanta a ɗakinsa. Wannan bayani na da muhimmanci ga muhawarar da za ta biyo baya, domin yaron ba ɗan kallo ba ne kawai, shi ne maginin abin, shi ne kuma mai zaɓar inda zai ɗiga jan fenti.

Aurora ya fara aiki a unguwar Brooklyn a 1950, daga baya ya koma West Hempstead a tsibirin Long Island. Da jiragen yaƙi ya soma wannan sana'a a 1952, sai motoci da jiragen ruwa da sojojin da masu sulke. Babu wanda ya ɗaga murya a kan waɗannan.

Daga majigi zuwa ɗakin yara

Dodannin farko kuwa daga fina-finan kamfanin Universal na shekarun 1930 da 1940 suka fito. An yi waɗannan fina-finai ne domin manya, kuma sun riga sun tsufa lokacin da aka sayar wa gidajen talabijin guda 52 daga cikinsu a dunƙule a 1957. Gidajen suka riƙa nuna su da daddare, yara suka riƙa satar kallo. A 1958 mujallar Famous Monsters of Filmland ta fito, cike da hotunan dodanni da barkwanci, kuma yara maza ne suka fi sayenta.

Wannan tashe ya zo ne jim kaɗan bayan an toshe wata ƙofa. A 1954 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan laifuffukan ƙananan yara, inda likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya ba da shaida cewa mujallun labarai cikin zane, musamman na kisa da ban tsoro, suna lalata tarbiyya. Masu buga mujallun suka ji tsoron kada gwamnati ta yi musu doka, sai suka kafa hukumar tace kansu a shekarar, suka haramta wa kansu zana masu shan jini, da gawa mai tafiya, da mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci. Birtaniya ma ta yi tata dokar a kan irin waɗannan mujallu a 1955. Abin da aka kora daga takarda sai ya ɓullo ta akwatin talabijin, daga nan ya shige kantin kayan wasa.

A 1961 Aurora ya fitar da dodon Frankenstein a kan senti 98, wato ƙasa da dala ɗaya. Masu rubuta tarihin kamfanin sun ce sai da aka tuntuɓi masana halayyar yara kafin a yanke shawara, saboda shugabannin kamfanin kansu suna ɗari-ɗari. Kayan ya yi kasuwa fiye da zato. Dracula da Wolf Man suka biyo a 1962, sannan gawar Masar mai naɗe da ƙyalle, da King Kong, da Godzilla, har suka kai 13 zuwa 1966. Zanen da James Bama ya yi a bayan yawancin kwalayen ya taimaka ƙwarai, domin sau da yawa hoton ya fi abin da ke ciki kyau. A 1969 aka sake fitar da su da roba mai haske a cikin duhu. An sami iyaye da malamai da suka yi ƙorafi a tsawon waɗannan shekaru, amma ƙorafin bai taɓa hana ciniki ba.

Kafin 1971, sau ɗaya kawai aka ja wa kamfanin kunne sosai. A 1964 ya fitar da na'urar fille kai irin ta juyin juya halin Faransa, da sunan ɗakin ban tsoro na gidan mutum-mutumin Madame Tussaud. Na'urar tana aiki: a kwantar da ɗan mutum-mutumin, a saki wuƙar, kai ya faɗa cikin kwando, a mayar da kan a sake. Suka ta yi yawa har kamfanin ya fasa sauran kayan azabtarwa da ya shirya fitarwa a jerin. Ya kamata wannan ya zama darasi. Bai zama ba.

Abin da ke cikin kwalayen 1971

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 cinikin dodanni ya fara ja da baya, kamfanin kuma ya bar hannun waɗanda suka kafa shi. Ga kuma wata matsala: shaƙar gam ta zama annoba a tsakanin matasa, jihohi da birane da dama suka taƙaita sayar wa yara gam ɗin da ake haɗa waɗannan kaya da shi. Mafitar da aka gano ita ce kayan da ake ɗosana su su kama ba tare da gam ba. Hakan na nufin ƙaramin yaro ma zai iya haɗawa, kuma ana iya cire hannu ko ƙafa a sauya da wata. Abin ajiya a kanta ya koma abin wasa.

A kan wannan tsari aka gina jerin Monster Scenes, kwali takwas. Huɗu mutane ne, kowanne bai wuce tsawon tafin hannun babba ba: wani mugun likita mai suna Dr. Deadly, dodon Frankenstein a matsayin yaronsa, Vampirella mai shan jini wadda aka aro daga wata mujalla ta manyan matasa da ta fara fitowa a 1969, da kuma wata budurwa mai ɗan guntun wando da 'yar riga, wadda ba a ba ta suna ba, aka dai kira ta The Victim, wato wadda za a yi wa aika-aikar. Sauran huɗun kayan aiki ne. Akwai kejin ƙarfe da ake rataye mutum a ciki, tare da kaskon garwashi da ƙarafan ƙuna. Akwai teburin ɗaure mutum wanda wata ƙatuwar wuƙa ke lilo a samansa. Akwai gadon fiɗa da ƙwarangwal, akwai kuma ɗakin gwaje-gwaje. An saka wa budurwar hannuwa da ƙafafu na sauyi domin a iya tsayar da ita, ko a sa dodon ya sungume ta, ko a kwantar da ita.

Tallar ta ƙara wa wutar fetur. A jikin kwalayen an rubuta cewa kayan na da alamar X, ana nufin wai don tsananin burgewa. To amma tun Nuwamban 1968 harafin X shi ne tambarin fina-finan da aka hana yara shiga, kuma zuwa 1971 jama'a sun fara danganta shi da fina-finan batsa. A wata talla cikin zane da aka buga a mujallun yara, an nuna an sace budurwar tana ihu, ɗaya daga cikin miyagun na cewa kada a damu, nan New York ne, ba wanda zai taimake ta. Mutanen birnin ba su manta da kisan Kitty Genovese a unguwar Queens a 1964 ba, wanda jaridu suka ruwaito cewa maƙwabta da dama sun ji ihunta ba su kai ɗauki ba. Daga baya an gano an zuzuta yawan waɗanda suka shaida abin, amma a 1971 labarin na nan daram a zukata, kuma da yawa sun ɗauki tallar a matsayin izgili da shi.

Me ya sa aka tashi a wannan karon?

Ba dodo ne ya tunzura mutane ba. Hujja a kan haka ita ce a cikin wannan shekarar ta 1971 hukumar tace mujallun zane ta sassauta ƙa'idarta ta 1954, ta ba da damar a zana masu shan jini da sauran dodannin gargajiya. Wato dodanni na ƙara samun karɓuwa a daidai lokacin da ake yaƙar Monster Scenes. Bambancin shi ne tsohon Frankenstein na tsaye shi kaɗai a kan kabari, sabon jerin kuwa ya kawo mutum, mace, marar makami, ya kawo kayan azaba, ya bar wa yaro aikin haɗa su.

Yanayin ƙasar ma ya canza. Ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, labarin kisan ƙare-dangi na ƙauyen My Lai ya fasu a ƙarshen 1969. An kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968. Ƙungiyoyin iyaye mata sun daɗe suna adawa da kayan wasan yaƙi, har kamfanin Hasbro ya sauya wa sojansa na roba, G.I. Joe, sana'a daga yaƙi zuwa yawon kasada a 1970. Fafutukar 'yancin mata kuma tana kan ganiyarta, inda ƙungiyar mata ta ƙasa mai suna NOW, wadda aka kafa a 1966, ta sa cin zarafin mata a gaba. Kayan Aurora sun haɗa damuwar waɗannan ɓangarori biyu a kwali ɗaya.

Sai kuma batun mai kamfani. A cikin 1971 Nabisco, babban kamfanin biskit mai yin Oreo da Ritz, ya sayi Aurora. Ba shi ya tsara kayan ba, gadonsu ya yi. Amma masu zanga-zangar sun san inda ciwon yake. Ba su je masana'antar Long Island ba, ofishin Nabisco suka nufa a watan Nuwamba, dab da cinikin Kirsimeti. Iyaye mata su ne masu sayen biskit, kuma ribar kwali takwas na roba ba ta kai a yi cacar sunan kamfani a kanta ba. Nabisco ya tsayar da aikin. Ragowar kayan aka tura Kanada, inda aka ci gaba da sayarwa na ɗan lokaci. An ma gwada sauya wa budurwar suna zuwa 'yar Dr. Deadly, dabarar da ba ta sauya komai a cikin kwalin ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu adawa sun kafa hujja da cewa wasa koyo ne. Yaron da ya ɗauki rabin yini yana ɗaure mace a teburi, yana gyara tsayin wuƙa, yana koyon ganin wahalar wani a matsayin nishaɗi, kuma yana koyon cewa mace ita ce abin yi wa haka. Suka ƙara da cewa sunan da aka ba ta ya nuna ba ta da wani matsayi a labarin face wannan. Sun kuma ƙi yarda da cewa alhakin na iyaye ne kaɗai, tunda a mujallun yara aka yi tallar, kuma kuɗin kayan bai fi ƙarfin aljihun yaro ba.

Masu kare kayan, ciki har da waɗanda suka yi wasa da su suna yara suka girma lafiya, suna cewa tsoro cikin aminci wani ɓangare ne na girma. A ganinsu yaron da ya gina dodo da hannunsa ya rage masa kwarjini, kamar yadda yaran Hausawa ke neman a maimaita musu tatsuniyar Dodo duk da cewa tana sa su maƙale wa juna. Suna kuma nuni da cewa yara sun san bambancin roba da mutum, kuma ƙasar da ke nuna gawarwakin yaƙi a labarun yamma ba ta da bakin ɗora laifi a kan abin wasa. Masanin halayyar yara Bruno Bettelheim ya yi irin wannan bayani a 1976 game da tatsuniyoyin Turawa masu ban tsoro, ko da yake a kan labari yake magana, ba kayan azaba na roba ba.

In aka auna, hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a kan dodannin 1961 zuwa 1966 fiye da kan keji da teburin wuƙa. A tatsuniya yaro yana goyon bayan wanda dodo ke bi, a Monster Scenes kuwa an ajiye shi a kujerar mugun. Ita kuma hujjar ɓangaren farko rauninta shi ne ba ta taɓa nuna yaron da kayan suka mayar azzalumi ba.

Binciken masana bai raba gardamar ba. Gwajin da aka fi ambata shi ne na Albert Bandura a jami'ar Stanford a 1961, inda yara ƙanana da suka ga babba yana dukan wata 'yartsana ta balan-balan suka kwaikwayi dukan. Gwajin ya tabbatar da cewa yara na kwaikwayo, amma abin da ya auna shi ne ɗabi'arsu cikin mintoci a ɗaki ɗaya, ba halinsu bayan shekaru ba. Rahoton da babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar a 1972 kan tashin hankali a talabijin ya sami alamar alaƙa, musamman ga yaran da dama suke da saurin faɗa, ya kuma yi taka-tsantsan wajen yanke hukunci.

Inda doka ta tsaya

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta shiga wannan rikici da doka ba. Dokarta ta 1969 kan kayan wasa, da hukumar kula da ingancin kayan masarufi da aka kafa a 1972, sun shafi abin da zai yanki yaro, ko ya ƙona shi, ko ya shaƙe shi, ko ya sa masa guba. Ba ruwansu da abin da kayan ke nunawa. Kalifoniya ce ta yi gaba, a zamanin gwamna Ronald Reagan, da dokar da ta fara aiki a 1972, wadda ta hana ƙerawa da sayar da abin wasan da ke kwatanta azabtarwa ko kayan azaba, ko mai kama da bam ko gurneti. Dokar ta togace kwaikwayon jirage da motoci da makamantansu.

Wahalar yin irin wannan doka a Amurka ta fito fili a 2011, lokacin da Kotun Ƙoli, da alƙalai 7 a kan 2, ta soke wata dokar Kalifoniya ta 2005 da ta hana sayar wa yara wasannin bidiyo masu tashin hankali. Kotun ta ce hakan ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta kuma ce jihar ba ta kawo gamsasshiyar shaida ta illa ba. Shi ya sa kusan duk nasarar da masu adawa suka samu, ta hanyar matsa wa kamfani ko kanti suka same ta. Haka aka yi a 1989, da kamfanin Matchbox ya janye 'yartsana mai magana ta Freddy Krueger, wani makashin yara na fim, bayan wata ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin riƙau ta yi masa caa. Haka kuma a Oktoban 2014, da kantunan Toys R Us suka kwashe mutum-mutumin wani shirin talabijin na masu haɗa miyagun ƙwayoyi, bayan wata uwa a jihar Florida ta tara sa hannun dubban mutane a intanet.

Shi kuwa Aurora bai daɗe ba. Nabisco ya rabu da shi a 1977, ƙarafan zubin robar suka koma hannun abokin hamayyarsa Monogram.

Abin da ya rage wa mai saye

Yaran 1960 da 1970 sun girma, sun sami albashi, suka shiga neman abin da uwayensu suka zubar. Wannan kasuwa ce ta sa kamfanin Polar Lights ya dawo da tsofaffin dodannin a ƙarshen shekarun 1990, Moebius kuma ya dawo da Monster Scenes a 2008. Roba ɗaya, siffa ɗaya, amma yanzu a shagunan masu sha'awar harhaɗawa ake sayar da su, kuma manya ake nufi da su. Ta wannan ƙofa masana'antar ta fice daga rikicin: ta raba kasuwa gida biyu, abin wasan yara daban, kayan tarawa na manya daban.

Doka ma ta bi wannan rabo. A Tarayyar Turai, ƙa'idar 2009 ta ce abin wasa shi ne wanda aka yi domin yaro ɗan ƙasa da shekara 14, ta fitar da kayan masu tarawa daga ciki matuƙar an rubuta haka a fili a jikinsu ko a kwalinsu. A Amurka dokar 2008 ta ɗauki kayan yara a matsayin na ɗan shekara 12 zuwa ƙasa. Ga iyaye wannan na da ma'ana biyu. Lambar 14+ ko 17+ a jikin kwali tana iya zama gargaɗi a kan abin da kayan ke nunawa. Tana kuma nufin ba lallai ne an yi wa kayan gwaje-gwajen da ake wa na ƙananan yara ba, kamar na ƙananan gunduwoyi da yaro zai iya haɗiyewa ko na sinadarin fenti.

Tsarin yana aiki ne inda kaya ke tare da kwalinsa kuma mai kanti ya damu da sunansa. Kayan wasan da ke zuwa kasuwanninmu a cikin dilar gwanjo galibi sun rabu da kwalayensu tun a can, a zube ake sayar da su, na jarirai da na manya a tabarma ɗaya. Haka nan a shagunan intanet, inda mai sayarwa yana wata ƙasa kuma ba shi da ofishin da za a je a tsaya a gabansa da kwalaye. A irin waɗannan wurare babu lambar shekaru, babu kuma kamfanin biskit mai tsoron fushin iyaye mata, don haka tantancewar tana komawa kan wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa.